Rumfar cajin babur da adaidaita a ƙauye: soket, musayar batir, ko caja mai sauri?

Wata Alhamis da la'asar, mutane na dawowa daga kasuwar Maigatari, wani Alhaji da na taɓa haɗa wa sola a shagonsa na cajin waya ya tsayar da ni a bakin titi, gaba da Gumel kaɗan. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo min wayarsa. Bidiyon wata mota ne a ƙasar Sin, an soka mata waya mai kaurin tiyon ban-ruwa, kafin mai ita ya shanye kofin shayi batir ya kusa cika.

"Injiniya, irin wannan nake so ka kafa min a gefen shago. Babura shida masu lantarki zan sayo wa yara su yi acaɓa, ga kuma mutum biyu a garin nan da suka riga suka sayi adaidaita mai batir. Nawa za ta ci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kyauta aka ba ka ita, babur ɗaya ba za ta caja maka ba."

Ya zuba min ido kamar na zage shi. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan arewa cikin 'yan kwanaki, duk mai abin hawa na haya ya fara sauraron zancen lantarki da kunne biyu. Mu masu aikin wuta da sola kuwa mu ake tara da tambaya, alhali da yawanmu ba mu taɓa buɗe batirin babur mun ga cikinsa ba. Abin da na zauna na zayyana wa Alhaji a kan benci ran nan, shi nake so in shimfiɗa wa 'yan'uwana masu sana'a, don tambayar tana nan tafe gare ku.

Batir kowane iri DC yake ci, DC yake bayarwa, wato wuta mai tafiya ta hanya ɗaya. Wutar layi da ta inbata kuwa AC ce, mai kai-da-komo, bolt 230. Dole a sami abin da zai juya wannan ta koma waccan, kuma inda aka ajiye wannan mai juyawar shi ne duk bambancin kayan cajin da kuke gani. A babur da adaidaita, shi ne ɗan akwatin nan mai fanka da direba ke yawo da shi a ƙarƙashin kujera. A mota yana cikin motar, a ɓoye. A caja mai sauri kuma, irin ta bidiyon Alhaji, shi ne ƙaton akwatin nan mai tsayin firji da ke tsaye a waje, yana ɗura DC kai tsaye cikin batir. Sai lissafi guda da kowa zai riƙe: bolt sau Ah ɗin da ke jikin batir (awon yawan wutar da yake iya ɗauka), a raba da dubu, shi ne yunit, irin wanda mita ke ƙirgawa. Batirin adaidaita mai bolt 72 da Ah 100 yunit 7.2 ke nan. Na babur mai bolt 72 da Ah 40 bai cika yunit 3 ba. Motar Hyundai Kona mai lantarki da aka fara harhaɗawa a Legas a 2020 yunit 64 take ɗauka, wato babura sama da ashirin a ciki ɗaya.

Caja mai sauri ba za ta ci mana lokaci ba. Don motoci aka ƙera ta, masu batirin bolt 400 ko 800, kuma mafi yawansu ba sa iya sauko da wuta ƙasa da bolt 150 ko 200. Batirin bolt 72 ko gaisawa ba za su yi ba. Ko mai kilowat 30, da ke cikin ƙananansu, tana son wuta mai layi uku, kowane layi ta ja amf arba'in da wani abu. Ku tuna taransifomar garinku da yadda ƙwai ke yin ja da zarar injin niƙa ya tashi. In da sola ce, farantai masu wat 550 guda sittin za ka jera kafin ta ƙoshi da tsakar rana, ban da batura. Ga kuma rikicin baki: motar Turai CCS2 take so, ta Sin GB/T, Nissan Leaf ta Japan CHAdeMO, wadda aka shigo da ita daga Amurka kuma nata daban. Ka zuba miliyoyi, motar da za ta fara tsayawa ta zo da bakin da ba ka da shi. Wannan kayan babban titi ne da cikin birni, inda motoci ke layi. A garin da motar lantarki ba ta taɓa kwana ba, zanzaro kawai za ta tara.

Zaɓin gaskiya tsakanin biyu yake: ko ka yi rumfa mai soket kowa ya zo da cajarsa ya soka, ko ka ajiye batura cike, direba ya sauke wanda ya ƙare ya ɗora wani. Abin da ke raba gardamar kuwa ba ya jikin kayan. Yana ga lokaci.

Ɗan acaɓa da rana yake nema. Rana kuma da rana take fitowa. Wutar layi a ƙauyukanmu ba abin da za a gina sana'a a kai ba ce; rukunin A na masu shan wutar layi, da aka sa wa naira 225 a yunit a Afrilun 2024 bisa alkawarin awa 20 a yini, galibi unguwannin birni ne da masana'antu. Don haka sola ce uwar ɗaki. To lokacin da farantanka ke tafasa da wuta, daga hantsi zuwa la'asar, baburan suna kan hanyar Gumel da Maigatari da fasinja da buhu. Lokacin da suka dawo neman caji bayan isha'i, rana ta daɗe da faɗuwa.

Mu yi lissafin Alhaji. Babura shida, kowane ya sha kamar yunit biyu da rabi a yini, goma sha biyar. Adaidaita biyu, kamar shida-shida, goma sha biyu. Ashirin da bakwai ke nan, da abin da ke salwanta a caja da inbata ka ce talatin da biyu. Faranti mai wat 550 a ƙasarmu yana ba da kamar yunit biyu da rabi a yini idan an cire asara, wato goma sha uku sun isa a takarda. Ni sha shida nake sawa, saboda hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kansu daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan kuɗin dole ne, ko wace hanya ka bi. Inda hanya ta rabu shi ne dare. In duka za su yi caji da dare ta soket, sai ka tara wutar yini a baturan rumfa tukuna, manyan nan masu bolt 51.2 da Ah 200, yunit goma-goma, guda uku aƙalla, huɗu in kana so su yi ƙarko. Wuta ta shiga batirinka, ta fito ta inbata ta zama AC, ta shiga cajar direba ta koma DC, sannan ta shiga batirinsa. A kowace ƙofa sai ta bar kuɗin shiga. Batir biyu ka saya wa kowace tafiya ɗaya.

A musaya kuwa batirin babur ɗin shi ne rumbun. Shida suna kan hanya, shida suna kan kanta suna shan rana kai tsaye, da yamma ko da azahar a yi canji cikin minti biyu. Yunit goma sha bakwai na ƙarin batura maimakon talatin ko arba'in, babu zagaye, kuma yaro ba ya zaman awa huɗu yana kallon fasinja na wucewa. Baturan rumfa ɗan ƙarami ya isa, wanda zai riƙe inbata in girgije ya gifta. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Haka Gogoro ke yi a Taiwan, haka Ampersand ke yi wa 'yan acaɓar Kigali.

Sai dai musaya tana da nata ƙaya, kuma ƙayar ba ta waya ba ce, ta mutane ce. Batirin kowane kamfani da siffarsa da bakinsa, wasu ma sai allon da ke cikin batir mai kula da cajinsa, wanda ake ce wa BMS, ya yi magana da babur ya gane shi kafin ya saki wuta. In baburan garin kamfani uku ne, kanta uku za ka yi. Sannan wa zai yarda ya miƙa sabon batirinsa na wata biyu a ba shi na shekara biyu? Babu. Musaya ba ta tafiya sai batura duka na mutum ɗaya ne, direba hayar wuta kawai yake biya. Ga Alhaji abin ya zo daidai, tunda shi zai sayi baburan shida a lokaci ɗaya daga wuri ɗaya. Da a ce kowa da nasa ne, da ban ba shi wannan shawara ba. Kuma kafin a biya kuɗin babur, a tambayi mai sayarwa baki da baki: ana cire batirin da hannu ko sai da sifana, za ka sayar min da ƙari, kuma cajar tana aiki in batirin ba ya jikin babur? Akwai kamfanonin da babur kawai suke sayarwa, batirin nasu ne, a tasharsu kaɗai ake canzawa. Irin wannan in ka kawo shi garin da ba su da tasha, ka sayi ƙarfe.

Adaidaita kuma nauyi ne ya fitar da ita daga zancen. Batirin babur kamar kilo ashirin ne, yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Na adaidaita mai yunit bakwai, ko na litiyom ne, yana kai kilo sittin zuwa saba'in. In na dalma ne, guda shida masu bolt 12, kowane kusan kilo talatin, ka ɗauki fasinja uku ke nan da ba sa biyan kuɗi kuma ba sa sauka. Wannan ba abin ciccibawa kullum ba ne. Ita soket ne nata, amma a juya mata lokaci. Daga azahar zuwa la'asar, sa'ad da zafi ke korar fasinja kuma direba ke neman inuwa da abinci, awa uku a caja mai amf 20 sun mayar da Ah 60, fiye da rabin batir, a daidai lokacin da farantai suka fi ƙarfi. Ragowar a ƙarasa da sassafe ko da yamma. Direban da ya saba da haka ya rage maka kusan batirin rumfa guda.

Tunda dalma ta shigo zance: araha ba ta ado. Batirin dalma in ana kwashe shi sosai kullum, caji ɗari uku zuwa ɗari biyar ya gama, kuma duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Ku auna da Afrilu da Mayu a Haɗeja ko Gumel, inda ake haura 40. Litiyom nau'in LFP yana yin dubu biyu zuwa sama, ya fi jure zafi, kuma ya fi nau'in NMC wuyar kamawa da wuta. In an ba ni zaɓi a wannan ƙasa tamu, LFP nake nunawa.

Yanzu ga inda mai rumfar soket ke ƙona dukiyar mutane ba da niyya ba. "Bolt 72" da aka rubuta a jikin caja ba ya nufin abu ɗaya. Batirin NMC mai ƙwaya 20 a jere, bolt 84 ne cikarsa. Na LFP mai ƙwaya 24, 87.6. Na dalma guda shida, wajen 88. Duka ukun "72" ake ce musu a kasuwa, kuma sau da yawa bakin cajar iri ɗaya ne, yana shiga lafiya lau. Direba ya manta tasa a gida, ya ari ta maƙwabcinsa mai dalma ya soka wa NMC: bolt huɗu ke nan a kan iyaka, babu abin da ya rage tsakaninsa da gobara sai allon BMS da ke cikin batirin, wanda ba ka san ingancinsa ba. Kada ka duba babban rubutu. Juya cajar ka karanta ƙaramin, inda aka sa abin da take fitarwa, sannan ka sa mita ka tabbatar. Ni fenti nake sawa: ja a caja, ja a batirinta, kore da kore. Wanda bai iya karatu ba ma ya gane.

Na biyu soket. Na taɓa zuwa wata rumfa da aka kira ni, tun daga ƙofa na ji ƙaurin roba. Doguwar waya ce mai baki huɗu, irin ta cajin waya, an soka mata cajar adaidaita biyu. Ƙafar fulogi ɗaya ta yi baƙi, robar da ke zagaye da ita ta narke ta kumbura kamar ƙosai, da na ja sai ta fito da rabin soket ɗin a manne. Mai rumfar yana ta rantsuwa bireka ba ta taɓa faɗuwa ba. Gaskiya ya faɗa. Caja mai amf 20 tana jan kamar kilowat biyu, amf takwas zuwa tara a bolt 230. In wuta ta yi ƙasa zuwa 170 sai ta ƙara ja don ta cike giɓin, ta haura goma sha ɗaya. Biyu a soket mai amf 13, awa biyar ba hutu, bayan bireka mai amf 32 da ba ta ga abin faɗuwa ba. Cajin abin hawa ba kamar dutsen guga ba ne da ke ɗauka yana saki. Kowace caja a ba ta soket nata, mai amf 15 ko shuɗin nan na masana'anta mai 16, da wayarta mai kaurin 2.5 mm² ta jan ƙarfe zalla, da birekarta. Ka kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka saya. In fari ya fito a ƙarƙashin ja, alminiyom ce aka yi wa wanka.

Sai ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake bugawa a ƙasa a haɗa da waya don wutar da ta yi yoyo ta bi ta nan. Wannan ita muka fi rainawa, kuma a Jigawa ta fi ba da wuya, domin rairayi busasshe ba ya karɓar wuta. Sanda ɗaya da aka buga da damina ta ba da awo mai kyau, zuwa Maris ta zama ado. A buga biyu ko uku, tsakaninsu ya kai aƙalla tsawon sandar, a haɗa su, a auna da rani. Ƙa'idar Ingila da muka gada ta ce abin da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne. Ni ƙasa da ɗari nake nema. Gishiri da gawayi da muka saba zubawa suna saukar da awo, amma gishirin yana cin sandar, ruwan damina kuma ya wanke shi, don haka a riƙa komawa ana dubawa. A sa birekar nan mai gane yoyon wuta, RCD mai miliamf 30, da abin tare tsawa a ɓangaren farantai da na AC. Rumfar da yara ke shiga ba takalmi da damina, ba wurin tsimi ba ce.

Ita kanta rumfar kada a yi ta da kwano tsirara. Mafi yawan baturan litiyom digiri 45 ne iyakar cajinsu, ƙarƙashin kwano da azahar kuwa ya wuce nan. A yi silin ko a shimfiɗa zana a sama, a bar iska ta ratsa, kantar ta zama ta siminti ba katako ba, a raba ta da shago da inda ake sayar da fetur a kwalba. Batirin da ya sauko daga hanya da zafinsa a bar shi ya huce rabin awa kafin a soka.

Alhaji ya ce, "To in wata rana mai mota ya zo fa?"

A nan ne akwatin bango yake shigowa, wanda ake ce wa cajar gida, ko da yake ba caja ba ce. Mai gadin ƙofa ne. Ta wata siririyar waya yake gaya wa mota amf nawa aka yarda ta ja, ya tabbatar an soka baki daidai kuma ƙasa na nan, sannan ya saki AC, cajar cikin mota ta yi sauran. Mai layi ɗaya amf 32, kilowat 7.4 ne, zai cika Kona cikin awa tara da wani abu, inda soket na gida mai amf 10 zai kwashe kusan awa talatin. Yana son layinsa shi kaɗai, waya mai kaurin 6, ko 10 in da nisa, da RCD nau'in B, ko nau'in A in akwatin da kansa yana gane yoyon DC na miliamf 6, domin yoyon DC yana iya makantar da RCD na gama-gari ta ƙi faɗuwa. Da yawansu in ƙasa ba ta da kyau, ko an haɗa su da janareta da ba a ɗaure wayarsa ta nutural da ƙasa ba, jan fitila kawai za su kunna su yi shiru, mai mota ya ce kayanka jabu ne. Amma mota ɗaya za ta shanye fiye da sau ɗaya da rabi na abin da farantan Alhaji ke samarwa a yini. Tashar cajin mota mai sola da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a 2021, gwamnati ce ta ɗauki nauyinta, ba mai shagon cajin waya ba. Na ce masa kada ya sayi akwatin yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya dai, don haka a bar gurbi biyu a allon bireka, a binne bututu fanko zuwa bakin titi, a sayi inbata irin wadda ake iya haɗa ta da 'yar'uwarta in aiki ya ƙaru.

A ƙarshe baburan huɗu ya saya ba shida ba, ya mayar da kuɗin biyun kan ƙarin batura da farantai. Masu adaidaita ɗaya ya karɓi tsarin azahar, ɗayan har yau sai bayan isha'i yake zuwa, don haka Alhaji ya sa masa farashin dare daban, suna ta ja-in-ja. Ranar da muka gama, yarona yana tsugune da gwangwanin fenti yana shafa wa cajoji, ya ɗago ya ce, "Oga, wannan bututun da ba waya a ciki fa?" Na ce ya nemo leda da ƙyalle ya toshe bakinsa da kyau, ya ɗaure da waya, kada ƙadangaru su riga motar shiga.